A Koya Wa Yara Tambayar "Ina Hujja?"

A shekarar 1996 wata yarinya 'yar shekara 9 a Amurka, Emily Rosa, ta shiga gasar kimiyya ta makarantarsu. Wasu masu iƙirarin warkarwa na cewa suna jin ƙarfin jikin mutum ba tare da sun taɓa shi ba. Ta kafa shamaki, suka zuro hannuwa biyu, ta riƙa kusanto nata da ɗaya, su faɗi wanne. Zuwa 1997 ta gwada mutum 21 sau 280. Sau 123 kawai suka dace, alhali mai canki ma zai samu kusan rabi.

'Yan kasuwa, ba kwa karɓar buhu sai kun duba ƙwayar, ba kwa yarda da mudu sai kun auna. Amma mai lasifika ya ce ƙullinsa na maganin cuta goma, sai mu miƙa kuɗi.

Muna kira ga malamai su ba yara irin wannan aiki: masara a tukwane biyu, ɗaya da taki, ɗaya babu, a auna, a rubuta. Iyaye kuma, yaron da ya nemi hujja kada a kira shi mara kunya. Shi zai tsare muku jari gobe.