Idan Mai Gargaɗi Ya Faɗi, Wa Zai Yi Gargaɗi?

Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, ba ta ma jin harsunan da masana suke rubuta mata umarni da su. Abin da take ganewa kawai shi ne jerin sifiri da ɗaya. Saboda haka tsakaninta da mai rubutu akwai wata manhaja da ake kira kwamfaila, wadda aikinta aikin tafinta ne. Shahararru daga cikinsu su ne GCC, wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, da kuma Clang. Ban da fassara, tafintan nan yana da aiki na biyu, wato gargaɗi. Idan ya ga an yi lissafi da adadin da ba a riga an ba shi ƙima ba, ko an cusa babbar lamba inda ba za ta shiga ba, sai ya ja kunnen mai rubutu. Gyara kayanka, in ji Hausawa, bai zama sauke mu raba ba.

To, akwai wata irin matsala da take aukuwa jefi-jefi, inda tafintan yakan faɗi warwas a daidai lokacin da yake ƙoƙarin yin gargaɗin. Ana yawan gamuwa da ita a harshen C++, wanda Bjarne Stroustrup ya ƙirƙiro a Amurka. Harshen yana da wata dabara da za a iya kira mazubi, mai kama da akwatin buga bulo: siffa ɗaya ce, amma ba a san abin da za a zuba ba, siminti ko jar ƙasa, sai ranar aiki. Ana kuma iya gina mazubi a cikin wani mazubin, ta yadda na ciki ba zai san kansa ba sai an cika na waje.

Manomin Kura ko Bunkure ba baƙon irin wannan tsari ba ne. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana bin babbar hanya, ya shiga rassa, daga nan ya bi ƙananan magudanu har ya isa fadamar shinkafa ko tumatir. Ƙaramar magudana ba ta da ruwan kanta, sai abin da aka sako mata daga sama. Idan aka aiki ma'aikaci ya auno zurfin ruwanta alhali ba a buɗe ƙofar sama ba, amsar mai hankali ita ce a dakata tukuna. Sashen gargaɗi mai aibi shi ne wanda aka rubuta bisa zaton kullum akwai abin aunawa. Sai ya leƙa mazubin ciki, ya tarar ba kome, ya rasa abin yi, ya ja dukkan tafintan su faɗi tare.

Wasu suna ganin wannan ƙaramin al'amari ne, tunda ana iya kashe gargaɗin da umarni guda, fassara ta ci gaba. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma ilimin halittu ya daɗe da nuna dalili. Ƙwayar cutar kuturta, wadda Hansen ya gano a 1873, tana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Mai cutar yakan taka ƙaya ko ya ƙone bai sani ba, rauni ya ruɓe, yatsu su salwanta. Zafi ba daɗi gare shi ba, amma rashinsa ya fi shi muni. Haka abin yake ga na'ura. Ran 14 ga Agusta, 2003, wani aibi a manhajar ƙararrawa ta wani kamfanin lantarki a Jihar Ohayo ya sa ta yi shiru fiye da awa guda, ma'aikata suna zaton lafiya lau. Kafin dare, kimanin mutum miliyan 50 a Amurka da Kanada suna cikin duhu.

Haɗarin bai tsaya a ƙasashen Turawa ba. Manhajojin da masu binciken noman rani suke lissafa ruwan da shuka ke buƙata da su, irin su CROPWAT ta Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sai da suka bi ta hannun wani tafinta kafin su yi aiki. Kuskuren da aka hana tafinta faɗa ba ya ɓacewa. Yana nan kwance cikin lissafi, kuma wanda gonarsa take ƙarshen magudana shi ne yakan biya kuɗinsa.

Hanyar gyara ta gaskiya sananniya ce, kuma hanyar kimiyya ce tsantsa. Da farko a rage rubutun da ya jawo faɗuwar, ko da layi dubu ne, har ya koma 'yan layukan da in an cire ɗaya matsalar ta ɓace, kamar yadda ake ware ƙwayar cuta guda a ɗakin gwaji. Na biyu a gano zaton da ya karye. Na uku a koya wa sashen gargaɗin ya duba kafin ya auna, ya jinkirta hukunci har a cika mazubin, ba a toshe masa baki ba. Na huɗu, wanda ya fi muhimmanci, a ajiye waɗannan 'yan layuka cikin tarin gwaje-gwajen da ake maimaitawa duk lokacin da aka taɓa manhajar, don kada ciwon ya dawo ba a sani ba.

GCC da Clang a buɗe suke ga kowa, haka ma jerin aibobinsu da ke jiran gyara. Ya kamata sassan ilimin kwamfuta na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da jami'ar Wudil su karɓi gyaran aibi guda irin wannan a matsayin cikakken aikin kammala digiri. Ɗalibin da ya iya shi ya koyi abin da hukumar ruwa da asibiti da ɗakin gwaji suke nema ruwa a jallo: mutumin da idan ƙararrawa ta lalace zai gyara ta, ba ya cire mata waya ba.