Kamfanin da ke ƙera Tecno da Infinix da itel ya mamaye Afirka, me ya sa ribarsa ke zubewa?

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, ko ta Banex a Abuja, ba a rasa ganin mai saye tsaye a bakin shago, Tecno a hannun dama, Infinix a hagu, yana tambayar wacce ta fi riƙe caji. Idan kuɗin suka gaza, sai mai shago ya miƙo masa itel.

Mutane da dama ba su san cewa duk wadda aka ɗauka cikin ukun, aljihu ɗaya kuɗin za su faɗa ba. Dukkansu na Transsion ne, kamfani mai hedikwata a birnin Shenzhen na ƙasar Chaina, wanda ya yi suna a duniya ba tare da ya dogara da kasuwar ƙasarsa ba.

Alƙaluman kamfanonin da ke bin diddigin cinikin waya, irin su Canalys da IDC, sun nuna cewa kusan rabin manyan wayoyin da ake shigarwa Afirka a shekarun nan nasa ne. A 2024 ya fitar da manyan wayoyi sama da miliyan 100, inda ya zama na huɗu a duniya bayan Apple da Samsung da Xiaomi.

Sai dai a watanni shida na farkon 2025 ribarsa ta faɗi da fiye da rabi idan aka kwatanta da daidai lokacin a 2024, cinikinsa kuma ya ragu da kusan kashi 16 cikin 100.

Bayanin wannan faɗuwa na nan a wuri ɗaya da bayanin ɗaukakarsa. Aljihun talaka ne ya ɗaga kamfanin, kuma shi ne yanzu ya yi masa iyaka.

Kasuwar da manya suka raina

Zhu Zhaojiang ne ya kafa kamfanin a 2006, bayan ya yi shekaru yana tallar wayoyin wani kamfanin Chaina mai suna Ningbo Bird a ƙasashen waje. A 2008 ya yanke shawarar mayar da hankali kacokan kan Afirka, kuma Najeriya na cikin wuraren da ya fara kafa ofis.

A wancan lokaci Nokia ce ke jan zarenta, Samsung na biye da ita. Amma wayoyin da suke kawowa an tsara su ne domin wasu kasuwannin, Afirka kuwa ta karɓi abin da ya samu.

Ita kuma wayar da ake kira "'yar Chaina" ba ta da mutunci a idon jama'a: ga ƙara kamar rediyon mai shayi, ga saurin lalacewa, kuma idan ta mutu babu wanda za a kama.

Transsion ya shigo ta tsakanin waɗannan biyun. Ya lura da yadda mutane ke amfani da waya a zahiri, sannan ya ƙera wadda ta dace da su.

Layi biyu da batir da hoto

Tun da aka fara wayar salula a Najeriya a 2001, kiran wani layi daban ya fi tsada, kuma sabis ɗin da ke kamawa a gari ba lallai ya kama a ƙauye ba. Shi ya sa mutane ke yawo da waya biyu, ko su riƙa cire layi suna sa wani. Tecno ta mayar da waya mai layi biyu abin da kowa zai iya saya, har ta fitar da mai ɗaukar layi huɗu.

Na biyu shi ne batir. A inda ake kwana biyu babu wuta, kuma sai an biya mai caji a bakin titi, wayar da ke daɗewa ba ta mutu ba ta fi kowace irin kwalliya daraja.

Na uku kyamara. An daɗe ana saita kyamarorin waya da fuskokin farar fata, ta yadda baƙin mutum ke fitowa dishi-dishi idan haske ya yi ƙaranci. Kamfanin ya saita tasa kyamarar domin ta fito da baƙar fata sarai, ya kuma yi ta tallar hakan.

Ya sanya harsunan gida irin su Hausa da Swahili da Amharik a wayoyinsa. Ya buɗe masana'antar harhaɗa waya a Habasha a 2011. Ya kafa Carlcare domin gyara, abin da ya ba mai saye wurin da zai koma idan waya ta samu matsala.

Sannan ya raba kasuwa gida uku: itel ga mai ƙaramin ƙarfi, Tecno ga mai matsakaicin hali, Infinix ga matasa masu son ado. Ya bi dillalai har ƙananan garuruwa, ya shafe bangon shaguna da shuɗin fenti, ya kuma ƙulla yarjejeniyar talla da ƙungiyar Manchester City a 2016.

Zuwa 2017 ya sha gaban Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. A watan Satumban 2019 ya shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai.

Ciniki mai yawa, riba 'yar kaɗan

Yawan ciniki daban, yawan riba daban. A 2024 Transsion ya yi cinikin kusan yuan biliyan 69, ribarsa kuma ba ta wuce yuan biliyan 5.5 da ɗoriya ba. Wato a kowace yuan 100 da ta shigo, kusan takwas ce ta zama riba, kuma wannan a shekarar da abubuwa ba su lalace ba ke nan.

Apple kuwa, wanda bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wayoyin da aka sayar a duniya a 2022 ba, shi ya kwashe sama da kashi 80 cikin 100 na ribar harkar baki ɗaya a shekarar, a lissafin kamfanin bincike na Counterpoint.

Bambancin shi ne mai sayen iPhone zai iya jure ƙarin farashi. Mai sayen itel kuwa idan aka ƙara masa naira dubu goma, sai ya fasa, ya kai tsohuwar wajen mai gyara.

Ga shi kuma kayan da ake haɗa wayar da su ba na Transsion ba ne. Ƙwaƙwalwar wayoyinsa galibi daga MediaTek na Taiwan da Unisoc na Chaina take zuwa. Ma'ajiyar bayanai kuwa kamfanoni uku ne suka fi riƙe kasuwarta: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka.

Tun da harkar ƙirƙirarriyar basira ta bunƙasa, waɗannan kamfanoni suka karkata ga manyan cibiyoyin kwamfuta da ke biyan kuɗi da tsoka, farashin ma'ajiyar ya yi sama. A ƙaramar waya, irin wannan ƙari na iya cinye ribar ɗungurungum.

A ɗaya ɓangaren, kuɗin masu sayen ne ke narkewa. Kafin Yunin 2023 ana canzar da dala kan naira 460 da wani abu a hukumance. A farkon 2024 ta haura 1,500. Masar ta karya darajar kuɗinta a Maris na 2024, Habasha ta bi sahu a Yulin shekarar. Dukkansu manyan kasuwannin waya ne a nahiyar.

A Najeriya mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Wanda abinci da data suka cinye kuɗinsa ba ya tunanin sabuwar waya.

Sirrin ya fita

Matsala ta biyu ita ce babu abin da Transsion ya yi da wani ba zai iya kwaikwaya ba. Yau kusan kowace waya na da layi biyu da babban batir.

Xiaomi ya kafa sashe na musamman kan Afirka a 2019, kuma wayoyinsa na Redmi masu araha suna gogayya da Tecno da itel a kanta ɗaya. Realme da Oppo da Honor su ma sun shigo, saboda kasuwar Chaina ta cika, kusan kowa na da waya. Samsung ya dawo da ƙarfinsa ta ƙananan samfuran Galaxy A.

Girma kuma ya jawo masa idon masu haƙƙin fasaha. A Yulin 2024 kamfanin Qualcomm na Amurka ya maka shi a babbar kotun Delhi ta Indiya kan zargin amfani da fasaharsa ba tare da izini ba, kafin daga bisani su sasanta. Philips da Huawei su ma sun shigar da nasu ƙorafe-ƙorafen a kotu.

Lokacin da yake ƙarami babu wanda ya damu da shi. Yanzu duk kuɗin lasisin da zai biya, ko dai ya fita daga ribarsa, ko a ɗora wa mai saye.

Indiya ba Najeriya ba ce

Domin rage dogaro da Afirka, kamfanin ya bazama wasu yankunan. Ya yi nasara a Pakistan da Bangaladash da Filifin, inda ya kai matsayi na ɗaya, ya kuma kutsa Gabas ta Tsakiya da Latin Amurka.

A Indiya kuwa, ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a, labarin ya bambanta. Ya tarar da Xiaomi da Vivo da Oppo da Samsung sun riga sun kafu, kuma ya ci gaba da zama a bayansu.

Gwamnatin Indiya ma ba ta bar ƙofa a buɗe haka kawai ba. Ta ɗora haraji kan wayoyin da ake shigowa da su a haɗe, ta ba masu ƙerawa a cikin gida tallafi, ta kuma matsa wa kamfanonin Chaina su yi haɗin gwiwa da 'yan ƙasa. A 2024 kamfanin Dixon na Indiya ya sayi fiye da rabin hannun jarin Ismartu, masana'antar da ke haɗa wayoyin Transsion a can.

Wannan ya nuna cewa abin da ya yi aiki a Afirka shi ne zuwa da wuri wurin da babu kowa. Inda aka riga shi, Transsion ɗaya ne cikin masu yawa.

Kuɗin na cikin wayar

Idan ribar sayar da wayar ta yi ƙaranci, sai a nemi kuɗi a abin da ke cikinta. Nan ne lamarin ya fi shafar mai riƙe da ita.

Wayoyin kamfanin kan zo da manhajoji da aka riga aka ɗora. Akwai Boomplay ta sauraron waƙa, wadda ta faro a Najeriya a 2015. Akwai PalmPay, wadda ta fara aiki a 2019 da jarin dala miliyan 40 da Tecno ta jagoranta, ta kuma samu karɓuwa sosai lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023.

Akwai tallace-tallacen da ke faɗowa a fuskar waya ba tare da an neme su ba, waɗanda ke cin datar da mai wayar ya saya da kuɗinsa.

Akwai kuma sayar da waya bashi, a riƙa biya kaɗan-kaɗan, kamar yadda Easybuy da M-Kopa ke yi. Tsarin ya ba mutane da yawa damar mallakar babbar waya a karon farko. Amma jimillar abin da ake biya ta fi farashin kuɗi hannu, kuma idan aka yi jinkiri ana iya kulle wayar daga nesa. Ga mai POS ko ɗan sahun da ke karɓar kuɗi ta waya, kulle ta daidai yake da rufe shago.

Batun amana ma ya taɓa tasowa. A 2020 masu binciken tsaron intanet na Secure-D sun gano wata muguwar manhaja mai suna Triada a dubban wayoyin Tecno W2 a ƙasashe irin su Habasha da Ghana da Kamaru, tana yi wa mutane rajistar ayyukan biyan kuɗi ba da saninsu ba. Transsion ya ɗora laifin kan wani mai kawo masa kaya, ya ce ya fitar da gyara.

Hukumomi su ma sun fara sa ido. A Afrilun 2024 Babban Bankin Najeriya ya dakatar da PalmPay da OPay da Kuda da Moniepoint daga ɗaukar sababbin kwastomomi na wasu makonni, kan batun tantance masu asusu.

Abin da ya rage a gida

Najeriya na cikin manyan kasuwannin Transsion, amma har yanzu shigo da wayoyin ake yi. Masana'antunsa suna Chaina da Habasha da Indiya da Bangaladash da Pakistan. Rabon matashin Farm Centre shi ne dillanci da gyara da liƙa gilashi, sana'o'in da ke ciyar da dubban gidaje, amma kaso mafi tsoka na kuɗin wayar waje yake tafiya.

Wasu ƙasashen sun fara taɓa abin da ke hannunsu. A 2025 Afirka ta Kudu ta cire harajin kayan alatu na kashi tara cikin 100 daga wayoyin da farashinsu bai kai rand 2,500 ba. A Kenya ana harhaɗa ƙananan wayoyi a cikin gida. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ta daɗe tana cewa tsadar waya na kan gaba a abubuwan da ke hana mutanen kudu da Sahara shiga intanet, ko da sabis ya kai garinsu.

Shi kuwa Transsion hanya biyu ce a gabansa. Ko ya hau sama, ya riƙa ƙera wayoyi masu tsada irin su Phantom mai naɗewa, inda zai yi karo da Samsung da Apple a fagen da suka fi shi suna. Ko ya tsaya a ƙasa, ya ci gaba da kokawa kan riba 'yar kaɗan da abokan hamayya masu zurfin aljihu.

Tarihin harkar ba ya ba kowa tabbas. Akwai lokacin da Nokia mai tocila ke hannun kusan kowa daga Legas zuwa Agadas, amma a 2014 kamfanin ya miƙa sashen wayarsa ga Microsoft. Mutanen da suka ajiye Nokia suka ɗauki Tecno ba don ƙauna suka yi ba, sun ga abin da kuɗinsu zai iya saya ne. Da wannan ma'aunin za su auna Redmi da Galaxy a gaba.