RA'AYINMU: A ƙirga sawun talaka kafin a yanke hukunci a kan sufuri

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauko hatsi daga Dawanau zuwa Maraɗi, ko albasa daga Galmi zuwa Illela, ya san cewa babbar rigimar farashi a hanya take. Kafin buhu ya isa rumfa sai mai amalanke ya ci nasa, ɗan dako ya ci nasa, ɗan kamasho a tasha ya karɓa, mai mota ya yanka kuɗinsa gwargwadon tsadar mai, sannan ga masu tsayawa a shinge. Duk abin da ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa aljihun mai kaya, daga bisani kuma ya faɗa kan mai cefane. Abin takaici shi ne, shekara da shekaru hukumomin ƙasashenmu suna yanke manyan hukunce-hukunce a kan sufuri ba tare da sun tsaya sun auna yadda jama'a ke zirga-zirga ba. A wayi gari a hana babur, ko a rufe iyaka, ko a tayar da tasha a mayar da ita bayan gari, alhali ba wanda ya ƙirga mutum nawa ne abincinsu ya rataya a kan abin da aka hana. Mu a wannan jarida muna ganin lokaci ya yi da za a daina wannan aikin cikin duhu, kuma 'yan kasuwar bakin iyaka su ne ya kamata su fi kowa matsa lamba.

Ba wai babu ilimin ba ne. Akwai fanni sukutum na bincike a kan tafiye-tafiyen mutane a birane, kuma yadda ake yin sa ba wani abin mamaki ba ne. Ana bin gida-gida, a tambayi kowane baligi inda ya je jiya, abin da ya kai shi, abin da ya hau, kuɗin da ya biya da lokacin da ya ɓata. Idan aka tara amsoshin dubban mutane, sai hoton gari ya fito. An yi irin wannan bincike a Yamai a 1996 tare da masana daga Lyon ta Faransa, inda aka gano cewa wajen bakwai cikin kowace tafiya goma da mazauna birnin ke yi, a ƙafa suke yin ta. A Wagadugu, inda kusan kowane gida ke da keke ko babur, tafiyar ƙafa ba ta kai rabi ba. A Dakar kuwa, binciken da aka yi a 2015 ya sake nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na tafiye-tafiye a ƙafa ne, duk da yawan motocin haya da ke birnin. Binciken irin waɗannan birane ya kuma nuna cewa mata da marasa hali su ne suka fi takurewa a unguwanninsu, saboda kuɗin mota ya fi ƙarfinsu.

Wannan sakamako ya shafi ɗan kasuwa kai tsaye. Mai sayen kayanka, a mafi yawan lokuta, a ƙafa ya zo. Idan aka mayar da kasuwa ko tasha nesa da gari ba tare da an tanadi abin hawa mai sauƙi ba, to an raba ka da shi ke nan. Amma dubi inda kuɗin gwamnati ke tafiya. A shekarun baya an gina gadojin sama a Yamai da Kano, kuma ba mu ce ba su da amfani ba. Tambayarmu ita ce, cikin kuɗin da aka kashe domin masu motocin kansu, waɗanda su ne 'yan tsiraru, nawa aka ware domin gefen titi da mai tafiya a ƙafa zai bi, da wurin tsallakawa a ƙofar kasuwa, da filin sauke kaya inda mai baro da mai amalanke za su yi aiki ba tare da mota ta banke su ba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha nanata cewa nahiyar Afirka ce ke kan gaba wajen yawan mutuwa a hatsarin hanya idan aka kwatanta da yawan jama'a, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci.

Abin da ya faru a Kano ya ishe mu darasi. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a babur. An hana acaɓa, amma buƙatar zuwa Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari ba ta gushe ba. Sai babur mai ƙafa uku, wanda aka shigo da shi a zamanin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau domin sauƙaƙa wa mata, ya cike gurbin, har ya zama shi ne ƙashin bayan zirga-zirgar birnin. Da masu tuƙa shi suka shiga yajin aiki a watan Janairun 2022 a kan kuɗin sabunta lamba da hukumar KAROTA ta sa, sai aka ga ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa suna ta sharar hanya a ƙafa. Birni mai miliyoyin mutane ya dogara a kan abin hawa ɗaya wanda ba a taɓa tsara masa wannan matsayi ba. Haka kuma ba a manta da 2009 ba, lokacin da aka tilasta hular kwano a Nijeriya ba tare da an duba tsadarta da samuwarta ba, har wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙoƙo a ka. Hular kwano tana ceton rai, wannan ba gardama, amma dokar da ba a shirya wa jama'a ita ba wasa take komawa.

A Nijar ma an bi wannan hanya. An hana hawa babur a jihar Difa a 2015, aka kuma yi haka a yankunan Tillaberi a farkon 2020, duk saboda matsalar tsaro. Ba za mu raina wannan dalili ba, domin kowa ya san ɓarnar da 'yan bindiga suka yi a kan babura, kuma ran mutum ya fi kowace riba. Sai dai a ƙauyukan da mota ba ta shiga, kabu-kabu shi ne motar asibiti, shi ne mai kai kaji da man gyaɗa kasuwa, shi ne kuma sana'ar samarin da ba su da wata. Idan tilas ta sa an hana, to wajibi ne a auna abin da hanin ya haifar, wata uku bayan wata uku, a ga ko hare-hare sun ragu, a ga kasuwanni nawa suka mutu, a ga ina samarin suka nufa. Ba tare da wannan ba, ba wanda zai iya cewa maganin ya yi aiki ko ya ƙara ciwo.

Batun rufe iyaka kuwa, masu karatunmu sun fi mu saninsa. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ta kuma hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai a Disambar 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, Jibiya da Kamba kuwa sai a Afrilun 2022. Ba a gama farfaɗowa ba aka janye tallafin mai a Nijeriya a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, sannan aka sake rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris 2024. A duk waɗannan lokuta kaya ba su daina ƙetarawa ba. Sun dai bar kwalta sun koma hanyoyin daji a bayan babura, kuɗin fito ya ninka, gwamnatoci suka yi asarar kuɗin shiga, mai ƙaramin jari ya karye. Tun a 2006, bayan ƙarancin abincin da aka yi a 2005, wani rahoton haɗin gwiwa na ƙungiyoyin yankin Sahel a kan hanyar Kano, Katsina da Maraɗi ya bayyana cewa kasuwannin wannan yanki a sarƙe suke da juna, abin da ya sami Dawanau sai ya taɓa tukunyar Damagaram. An rubuta, an ajiye, aka sake maimaita kuskuren.

Yanzu kuma ga layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Muna maraba da shi, muna kuma fatan alheri. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. An shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, kusan kilomita 140, aka yi bikin buɗe shi a Janairun 2016, amma da yake ba a haɗa shi da Paraku ta ƙasar Benin ba balle ya kai tashar jiragen ruwa ta Kwatano, bai zama hanyar ɗaukar kayan 'yan kasuwa ba. Saboda haka tun kafin jirgi ya fara kuka, akwai tambayoyin da ya kamata a amsa mana. Wane nisa ne tsakanin tashar jirgin Maraɗi da babbar kasuwa, kuma wa zai ɗauki kaya a tsakaninsu? Mai buhu ashirin zai sami wuri a tarago, ko sai mai kwantena? Za a tanadi taragon dabbobi domin masu shanu da raguna? A ina duwan da kwastan za su duba kaya, wuri ɗaya ko sau biyu? Idan kuɗin dako daga rumfa zuwa tasha, da kuma daga tasha zuwa rumfa, ya cinye rangwamen da jirgi ya kawo, ɗan kasuwa zai koma wa tirelarsa, kuma ba mai ganin laifinsa.

Akwai misalan da ke nuna cewa ƙirge yana da amfani. Daga 2006 ƙungiyar UEMOA ta fara wani shiri na sa ido a manyan hanyoyi irin su Tema zuwa Wagadugu da Lome zuwa Wagadugu. Direbobin da takardunsu suka cika ake ba takarda, su rubuta shinge nawa suka tarar, nawa aka karɓa a hannunsu, minti nawa aka tsayar da su. Ana tarawa a buga sakamakon a kan kowace kilomita 100, ƙasa da ƙasa, hukuma da hukuma. Da ma ƙa'idar ƙungiyar ta 2005 ta taƙaita wuraren bincike zuwa uku, wato inda aka yi lodi, bakin iyaka, da inda za a sauke. Shirin bai kawar da na goro ba, amma ya mayar da ƙorafin bakin tasha ya zama alƙaluman da ake ajiyewa a gaban minista. Haka nan a Dakar, maimakon a kori masu tsofaffin motocin haya, daga 2005 an haɗa su ƙungiya-ƙungiya, aka ba su bashin sababbin ƙananan bas, aka sa tikiti da wuraren tsayawa. An gyara sana'ar ba tare da an raba masu ita da abincinsu ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, mu ma 'yan kasuwa da masu motoci muna da namu laifin. Injiniyoyi sun daɗe da tabbatar da cewa idan aka ninka nauyin da ke kan ƙafar mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa kwalta tana ninkuwa wajen sau 16. Duk wanda ya lafta wa gingimari kayan mota biyu domin ya rage kuɗin dako, shi ne zai dawo gobe yana kukan ramuka da karyewar sifirin. Sannan da yawa daga cikinmu idan suka ga ɗalibi da takarda a hannu yana tambaya a tasha, sai su ɗauka ɗan leƙen asirin masu haraji ne, su ƙi magana ko su faɗi abin da ba shi ba. Wannan tsoro yana da dalili, amma sakamakonsa shi ne a rubuta rahoto babu mu a ciki, a kuma yi doka a kan wannan rahoton.

Don haka muna kira ga magadan gari na Maraɗi, Ƙonni, Gaya da Damagaram, da takwarorinsu na ƙananan hukumomin Jibiya, Illela da Maigatari, da kada su sake tayar da tasha ko hana wani abin hawa sai sun ƙirga masu amfani da shi, sun zauna da shugabannin kasuwa da na direbobi, sun kuma bayyana abin da zai maye gurbinsa. Muna kira ga Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, Jami'ar Bayero ta Kano da cibiyar nazarin sufuri ta Zariya, da su haɗa hannu su yi bincike ɗaya a kan zirga-zirgar garuruwan iyaka, ɓangare biyu a lokaci guda, su kuma tabbatar wa wanda aka tambaya cewa ba za a kai sunansa ofishin haraji ba. Idan sun gama, su fito da sakamakon da Hausa a gidajen rediyo, kada ya tsaya a Faransanci da Turanci cikin kabad.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma ba sai sun jira kowa ba. Littafi ɗaya da biro sun isa. A kowace ranar kasuwa, kamar Alhamis a Maigatari, a sa amintaccen mutum ya rubuta kuɗin dakon buhu daga wuri kaza zuwa wuri kaza, shinge nawa aka wuce, nawa aka biya da rasit, nawa aka biya ba rasit, sa'a nawa aka kwashe. Bayan shekara guda ƙungiyar za ta riƙe hujjar da babu jami'in da zai musa. Shafin nan a buɗe yake ga duk ƙungiyar da ta tara irin waɗannan alƙaluma, za mu buga su yadda suke. Allah ya ba shugabanninmu ikon sauraro, ya kuma kai matafiya gida lafiya, amin.