Ƙugin Tayar Baya: A Gwada Kafin A Yanke Wa Boris Hukunci

Da zarar mota ta fara ƙugi daga baya, musamman idan gudu ya haura kilomita 50 ko 60 a awa, abin da ake yawan ji a gareji shi ne "boris ne". Sau da yawa hakan gaskiya ne, amma ba kullum ba. Bakaniken da ya kwance taya bai hau motar ya saurara ba, caca yake yi da kuɗin mai mota. Shi kuma direban da ya ƙara sautin rediyo don ƙugin ya daina damunsa, da ransa yake cacar. Gwajin da zai raba gardama kuwa bai kai awa ɗaya ba, kuma kusan kyauta ne.

Abubuwa huɗu ne suka fi jawo irin wannan ƙara: taya, boris, birkin da ya riƙe, da kuma giyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya. Kowannensu yana da halinsa.

A fara da ware inji. Direba ya riƙe gudu ɗaya a titin da babu cunkoso, sannan ya sauya giya. Idan ƙugin bai canza ba duk da injin ya canza murya, to ba daga inji yake ba, yana bin juyawar taya ne. Idan kuma yana tashi lokacin da aka taka totur ya kwanta da an saki, zargi ya koma kan giyar baya. Wannan ya shafi motocin da baya ke tura su, irin su Hilux, Hiace da Peugeot 504. Yawancin Corolla, Camry da Golf gaba ke jan su, ba su da wannan giyar a baya.

Sai taya, wadda ita ce aka fi mantawa da ita. Ƙarar taya tana sauyawa da irin titi, daban a kan sabuwar kwalta, daban a kan tsohuwa. Ƙarar boris ba ruwanta da titi. A shafa tafin hannu a kan zanen tayar: idan an ji tudu da kwari, ko kaifi kamar haƙoran zarto, tayar ta ci ba daidai ba, galibi saboda shakazoba ta mutu ko saitin ƙafa ya goce. Mai faci zai iya mayar da tayoyin baya gaba. Idan ƙugin ya bi su, magana ta ƙare.

Boris kuwa nauyi ne ke tona masa asiri. Idan aka karkata sitiyari hagu a hankali, nauyin mota yana komawa dama. Ƙugin da ya ƙaru a lokacin yana nuna ɓangaren dama, kodayake ba hujja ce ta ƙarshe ba. Don tabbatarwa, a ɗaga motar da jak, a tokare ta da kyau, a kama tayar sama da ƙasa a girgiza. Sannan a juya ta da hannu, ɗayan hannun yana kan sifirin. Boris mai lafiya shiru yake, wanda ya ci kuwa za a ji gurzarsa a yatsu. Idan tayar ta ƙi juyawa sakayau, ko kuma ta fi 'yar'uwarta zafi bayan tafiya, a duba birki.

Wasu za su ce tsohon bakanike kunnensa ya ishe shi. Akwai gaskiya a ciki, amma motoci sun canza. A Golf 2 da Golf 3 ana iya ciro boris ɗin baya, a wanke, a sa giris, a ɗaure shi daidai. A yawancin motocin yanzu kuwa rufaffe ne, haɗe da mazaunin taya, wani ma da na'urar ABS a jikinsa, don haka gaba ɗaya ake canzawa. Irin wannan yana iya yin ƙugi na tsawon lokaci ba tare da tayar ta yi motsi ko kaɗan ba, kuma ƙarfen mota yana ɗaukar sauti daga wani gefe ya kai shi wani. Kuskuren gefe a nan yana nufin sayen kaya sau biyu.

Gwaji kuma ba dalilin jinkiri ba ne. Boris da ya fara ƙugi ba ya warkewa. Yana ƙara zafi, yana iya kunna fitilar ABS, daga ƙarshe ya cije ko tayar ta fita ana cikin gudu. Motar da ke ɗaukar iyali ko fasinja a doguwar hanya irin ta Kano zuwa Kaduna ba ta da wurin irin wannan ganganci.

Haƙƙin mai mota ne ya nemi bakanike ya hau su zaga tare, ya ɗaga motar, ya nuna masa gurzar da hannunsa kafin a aika sayen kaya. Bakaniken da ya san aikinsa ba zai ƙi ba. Wanda ya ƙi kuwa, gara a nemi wani garejin.