Lafiyar Iyali: Ba Kowane Jini ne Basir ba



A watan jiya muka raka wani maƙwabcinmu makwancinsa, tela ne, bai cika shekara hamsin ba, Allah Ya jiƙansa. Shekara biyu ya yi yana ganin jini a bayan gida, yana sayen jiƙon basir a kasuwar Pitowa duk ranar Lahadi. Sai da ya rame, cikinsa ya toshe, sa'an nan aka kai shi asibiti, inda aka ce ciwon daji ne na babban hanji, har ya riga ya kama hanta. A wurin zaman makoki na ji ana cewa ciwon farat ɗaya ne. Maganar ta tsaya mini a rai, na koma ina karatu, ina kuma tambayar wani abokina likita. Ni ba likita ba ne, amma abin da na fahimta ya isa in gaya muku cewa wannan ciwo ba ya zuwa farat ɗaya.

An gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyi masu rai waɗanda ido ba ya gani. Ƙwayoyin da suka lulluɓe cikin hanji ba sa daɗewa, domin abinci yana gogar su dare da rana, saboda haka cikin kwana huɗu zuwa biyar ake musanya su da sababbi. A bangon hanji akwai ƙananan ramuka birjik, a ƙasan kowane rami kuma akwai iyayen ƙwayoyi masu rabuwa biyu su hayayyafa. 'Ya'yan suna hawowa sama, su yi aikinsu, su mutu, su zube. Ƙwaya ba ta rabuwa don ganin dama, sai an aiko mata da umarni, kuma tana tsayawa idan umarnin ya yanke.

Mu ɗauki ƙwaya kamar gidan babban mutum. Baƙo ya yi sallama a zaure, mai tsaron zaure ya karɓi saƙo ya ba yaron aike, yaro ya ruga cikin gida ya isar wa maigida. Baƙon shi ne sinadarin girma da ake kira EGF, wanda Stanley Cohen na Amurka ya gano a 1962, aikin da ya sa ya sami kyautar Nobel a 1986. Mai tsaron zauren sunansa EGFR, yaron aiken kuwa KRAS. A gida mai lafiya yaron yana kai saƙo sau ɗaya ya koma ya zauna. Amma idan kuskure ya shiga rubutun gado wanda ake ƙera yaron da shi, sai ya zama ba ya zama: yana ta kai da komo yana cewa a ƙara, alhali ba wanda ya yi sallama. Ana samun wannan kuskure a wajen kashi 40 cikin 100 na masu ciwon dajin babban hanji.

Akwai wata hanyar saƙo da ta fi wannan muhimmanci a hanji, ana ce mata Wnt. A nan ɗan aiken sunansa beta-katenin, kuma kullum ƙwaya tana cikin ƙera shi. Sai aka sa masa dogari mai suna APC, wanda aikinsa shi ne ya kama shi ya miƙa a hallaka shi kafin ya kai ga maigida. A ƙasan ramin nan, inda ake bukatar hayayyafa, saƙon Wnt yana dakatar da aikin dogarin, amma da ƙwaya ta hawo sama sai ya koma bakin aiki. Idan dogarin ya lalace, ƙwayar da ta isa ta huta sai ta ci gaba da rabuwa, har a sami ɗan tsiro a bangon hanji kamar ƙwayar wake. An gano tushen APC a 1991, kuma a ƙasashen Turai da Amurka ana samun sa a lalace a wajen kashi 80 cikin 100 na masu wannan ciwo.

Wannan tsiro bai zama daji ba tukuna. A 1990 Eric Fearon da Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins suka bayyana cewa ciwon hawa-hawa yake zuwa: dogari ya lalace, tsiro ya fito, yaron aike ya ruɗe, tsiro ya girma, daga baya a rasa wani mai tsaro da ake kira p53, wanda yake tilasta wa ƙwayar da ta ɓaci ta mutu. Sai kurakuran sun taru sa'an nan tsiron yake huda bangon hanji ya bi jini. Taruwar tasu kan ɗauki shekara goma ko fiye. Cikin waɗannan shekaru likita yana iya shigar da na'urar leƙa hanji, wadda ake kira koloskopi, ya ga tsiron ya yanke shi nan take ba tare da an tsaga ciki ba.

Sanin waɗannan hanyoyi ya canza magani ma. A 2004 aka amince da cetuximab a Amurka, maganin da yake toshe bakin zaure don kada saƙo ya shiga. Zuwa 2008 aka tabbatar ba ya amfanar wanda KRAS ɗinsa ya lalace, kuma dalilin a fili yake: me rufe zaure zai hana, tun da mai ɓarnar yana cikin gida? Saboda haka ake gwada naman ciwon kafin a ba da shi. Duk iyalin da aka rubuta wa wannan magani mai tsada, haƙƙinsu ne su tambaya ko an yi gwajin, kafin su sayar da shanu ko gona.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne binciken da likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife suka yi tare da wata cibiyar ciwon daji ta Niyok, aka buga shi a 2021. Sun tarar da cewa a marasa lafiyan Nijeriya lalacewar APC ba ta kai ta Amurkawa yawa ba, matsalar hanyar KRAS ta fi yawa, ciwon yana kama su da ƙarancin shekaru, kuma a wajen rabinsu yana zama ne can ƙasa kusa da dubura. Nijeriya maƙwabciyarmu ce, kogin Binuwai ɗaya muke sha. Ciwon da ya zauna kusa da dubura kuwa jan jini yake fitarwa, irin wanda kowa zai rantse basir ne.

Gaskiya ne mafi yawan jinin da ake gani a bayan gida basir ne ko atuni, ko tsutsar ruwa ga masu wanka da kamun kifi a Binuwai da Lagdo. Sai dai ido ba ya iya rarrabe su. Jinin da yake ta dawowa, bayan gida da ya canza ya ƙi komawa daidai, jin kamar ba a gama ba, rama ba dalili, ƙarancin jini, waɗannan na likita ne. Haka wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi wannan ciwo, musamman da ƙuruciya, domin wasu kurakuran gadonsu ake yi. A Faransa ana gwada bayan gidan masu shekara 50 zuwa 74 duk shekara biyu ko da lafiyarsu lau, a Amurka kuma tun 2021 aka sauko da farkon gwaji zuwa shekara 45.

Game da abinci, Denis Burkitt, likitan da ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya lura cewa ciwon ya yi ƙaranci a ƙauyukan Afirka inda ake cin hatsi da dusarsa, ya kuma yi rubutu a kai a 1971. Tuwon dawa da na muskuwari, wake, kuka, zogale da yakuwa, ashe ba abincin da za a raina ba ne. A 2015 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi don ya daɗe cikin abubuwan da suke jawo wannan ciwo. Ban ce a ƙaurace wa nama ba, ni ma ina cin kilishi, amma kullum burodin fulawa da naman gwangwani ba ci gaba ba ne. Taba da ƙiba da yawan zama su ma suna ƙara haɗari.

Saura kunya, wadda nake zaton ita ta fi kuɗi hana maza zuwa asibiti. Na tambayi mahaifina, ya ce malaman fiƙihu ba su hana likita duba al'aura ba idan lalura ta kama, gwargwadon bukata. Abokina likita kuma ya ce gwajin farko da yatsa ake yi cikin safar hannu, ba ya wuce minti biyu, kuma ciwon da ya zauna kusa da dubura sau da yawa a nan ake fara jin sa. Mace tana iya neman mace ta duba ta, ko mijinta ya tsaya a ɗakin.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalam.