Kaka Ta Yi, a Kai Yara Gayya

 

Akwai kukan da iyaye mata ke yawan kawowa, musamman mazauna birni. Ki sha wahala ki tuƙa tuwo, yaro ya kalli kwano ya taɓe baki ya ce shi taliya yake so. In ma ya ci sai ya jagwalgwala ya bar rabi. Alhali tun yana shekara 2 kike koya masa cewa "na gode", kuma yana faɗi. Wannan ladabi ne mai kyau, kada ki fasa. Sai dai yaron da ya ɗauka tuwo daga injin niƙa yake farawa bai san abin da yake godewa ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, ke kin san abin da kwanon hatsi ya ci a gidanki. Shi bai sani ba, kuma faɗa ba zai sanar da shi ba. To ga kaka ta zo, lokacin da zai iya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa.

Mu ɗauki ƙasar Karaye da Rogo a yammacin jihar Kano, inda da yawa cikinmu ke da dangi. A gari irin Turawa, daga watan Satumba ba mai zama. Gero ke fara nuna, yara su ci tumu, a shiga masara da gyaɗa da roron wake, dawa kuwa sai wajen Nuwamba, in iskar hunturu ta fara kaɗawa. Ki dubi hannu nawa dawa ke bi kafin ta iso tukunyarki. A girbe kara a jera sankace, a bi a yanke zangarniya, a ɗaure dami, a ɗauko zuwa gida a zuba a rumbu. Daga nan sussuka, shiƙa, surfe, wanki, shanya, sannan niƙa. Yaron da ƙaiƙayin dawa ya taɓa shiga wuyan rigarsa, ya wuni yana susa, da wuya ya sake watsar da tuwo a kwata ba tare da jikinsa ya yi sanyi ba.

Iyayenmu ba su yi wannan aiki su kaɗai ba, gayya suke yi. Mai gona ya sanar, a sa rana, matan gidansa su dama kunu ko fura, samari su fito da kayan aikinsu, wani lokaci har da makaɗi. Ba a biyan kowa ko kwabo, gobe kuma a koma gonar wani. Amma cikin gonakin akwai waɗanda kowa ya san ba za su rama ba: gonar tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, gonar marayu, gonar matar da ke cikin takaba, gonar wanda ciwo ya kwantar tun tsakiyar damina. Irin wannan gona nake so ki tura ɗanki. Yau gayya ta ja baya, ƙwadago ya maye gurbinta a wurare da yawa, samari sun tafi birni neman kuɗi. Mai hali ya ɗauki 'yan ƙwadago ya gama cikin kwana 2. Wanda ba shi da hali kuwa dawarsa na nan a sankace, gara na ci ta ƙasa, dabbobi na ci ta sama. Wato taimakon da yaranki za su kai ba wasan yara ba ne, akwai mai jiransa.

Ki fara da shawara da maigida, don shi ko kawunsu ne zai kai su. A tambayi dangi ko limamin gari ko mai unguwa wace gona ce ta rage. Makaranta tana ci a wannan lokaci, saboda haka a zaɓi Asabar, kuma a nemi izinin malamin Islamiyya. Ɗan shekara 7 zai iya tsince zangarniyar da ta faɗi da kai ruwan sha. Ɗan shekara 12 zai iya tara kara da jidar dami daidai ƙarfinsa. 'Yan mata su bi gwaggonninsu roron wake da tsinkar gyaɗa, ko su zauna wajen shiƙa. Ke ma da rabonki ko ba ki fita ba: ki dama kunun da za a kai, ki sa su a wankin gero da jiƙa tsamiya tun daren jiya. Abu ɗaya da ba na wasa da shi, a sa musu takalmi mai rufi. Macizai na son kwanciya ƙarƙashin karan da aka tara, kuma kaka na cikin lokutan da aka fi samun sara. Babba ya fara ɗaga tarin da sanda kafin yaro ya sa hannu.

Yanzu ga inda mu iyaye muke ɓata aikin da bakinmu. Uwa ta ja ɗanta gefe ta ce, "Ka ga yadda talakawa ke rayuwa ko? Sai ka gode wa Allah." Niyyarta kyakkyawa ce, amma abin da yaro ya ɗauka shi ne ya fi waɗannan mutane, ya koma gida da raini a maimakon godiya. Ki faɗa masa gaskiyar magana: tsohuwar nan ta san aikin da shi bai sani ba, ita da ire-irenta ke ciyar da birni, shi ɗalibi ne ya zo koyo. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce mata Iya, ya ci abin da aka ba shi da hannu biyu. In an tashi, shi ma ya yi mata godiya da ta bar shi ya shiga gonarta. Sai maganar waya. Don Allah a bar ta cikin jaka. Matar da ke takaba ba ta amince ta ga hotonta a Facebook ba don kawai an ɗaure mata dami 6. Kuma kada ki biya yaro ladan aikin da kuɗi ko alawa, kada ki mai da zuwa ƙauye horon wanda ya yi laifi.

In Allah Ya sa danginku za su fitar da zakka a ranar, ki roƙa a bar yara su tsaya wajen ƙirga. Hatsin da ya kai nisabi, wato wasaƙi 5, daidai da sa'i 300, ana fitar da ɗaya cikin 10 in ruwan sama ya shayar da shi, rabin haka in da wahalar ban ruwa aka noma. A ƙauye sau da yawa da dami ake yi: a ƙirga 9, na 10 a ware gefe. Ki bar ɗanki ya ja na goman da kansa, ya ga ba mafi ƙanƙanta ake zaɓa ba. Da daddare ki ba su labarin masu gonar nan da ke cikin Suratul Ƙalam, waɗanda suka ƙulla za su yi sammakon girbi don kada miskini ya same su, suka wayi gari gonar ta ƙone. Yaron da ya wuni a gona zai ji wannan ƙissa fiye da yadda yake jin ta a aji.

Haka kuma kala. Bayan an kwashe amfani, mata da yara marasa gona kan bi su tsince abin da ya zube, kuma manomin kirki ba ya korarsu. Ki gargaɗi naki kada su yi rige-rigen tsinta da masu kala. In sun tsinta, su zuba a ƙwaryar mai bukata ba tare da surutu ba.

Wanda ya je Karaye kuma ya kamata a tsaya da shi ya ga madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992. Ruwan da take saki yana bin kogin Challawa, wanda birnin Kano ke ɗiban ruwan sha daga gare shi, kuma sai da ruwa ya cinye gonakin wasu aka tashi wasu daga gidajensu kafin a same ta. Yaron da ke barin famfo a buɗe ya kamata ya ji wannan. A riƙe hannunsu dai, kada a bar kowa ya shiga ruwa.

Na san akwai mai cewa ita ba ta da kowa a ƙauye, ko kuɗin mota ya fi ƙarfinta. Kaka tana da nata aikin a birni ma. Ciyawar damina ta rufe maƙabartu, wasu kaburbura sun rufta, kuma kusan kowace unguwa akan sa ranar gyara. Maza manya su bi mahaifinsu da fartanya. Katangar wata tsohuwa a layinku wataƙila ruwa ya zubar da ita, tana neman mai kwaɓa ƙasa da mai miƙa tubali. Ƙanana su ɗebo ruwa, ke kuma ki aika da koko da ƙosai, a kwanon da ba sai an dawo da shi ba.

Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida yara.