Batirin Babur Mai Lantarki Da Zafin Bazara: Me Takardar “Brevet” Ke Tabbatarwa?

Duk wanda ya san Wagadugu ya san garin babura ne. Mu a nan Zongo ƙarar moto ke tayar da mai barci tun kafin a idar da sallar asuba. To amma a ’yan shekarun nan an fara ganin wasu baburan da ba su da ƙara, ba su da hayaƙi, batir kawai suke ci. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayun 2023, man jarka mai araha da ake samu a Konni da Gaya da Malanbil ya yi tsada, hankalin ’yan kasuwa kuma ya karkata ga abin hawa mai lantarki. Kamfanin Spiro ya baza baburansa a Benin da Togo, inda direba ke ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke. A Janairun 2025 kuma aka ƙaddamar da motocin lantarki masu suna Itaoua a nan Wagadugu.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani bawan Allah mai ɗauko kaya daga Lome ta Sinkase, wanda ya bugo waya gidan rediyonmu ransa a ɓace. Ya ce ya saro batura a kwali mai kyau, an rubuta a jiki cewa dabarar sanyaya su tana da takardar mallakar ƙirƙira, wadda Faransawa ke kira brevet, Ingilishi kuma patent. Bazara ɗaya tak ta wuce, masu saye suka fara dawo masa da su, wasu sun kumbura, wasu ba sa riƙe caji. Ya ce, “Malam, ashe ba hukuma ce ta gwada su ba kafin ta ba da takardar?” Amsar ita ce a’a, Alhaji, kuma da yawa daga cikinmu ba mu san haka ba.

Bari mu fara da batirin kansa. Batirin litiyom, irin na cikin wayar salula da babur da mota, ya fi jin daɗin aiki tsakanin maki 15 zuwa 35 na ma’aunin zafi. In zafi ya haura haka, sinadaran cikinsa na saurin tsufa, kuma masu ƙera shi kan hana a yi masa caji in ya wuce maki 45. In abin ya yi tsanani, ƙwayar batir ɗaya kan ɗauki zafi ta kunna ta kusa da ita, ita ma ta kunna ta gaba, har wuta ta tashi, irin wutar da guga ɗaya na ruwa ba ya kashewa. Batirin darma kuwa, mai ruwan asid, wanda ake sa wa ƙananan babura masu araha, masana sun daɗe da cewa duk ƙarin maki 8 zuwa 10 a kan maki 25 na rage rabin kwanansa. Yanzu mai karatu ya auna da yanayinmu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Wagadugu kan wuce maki 40 a inuwa, a ranar 3 ga Afrilun 2024 kuwa garin Kayes na Mali ya kai maki 48.5. Babur da aka ajiye a rana bakin rumfar kwano, batirinsa ya fi haka zafi.

Saboda haka ne manyan kamfanoni suka zuba dukiya wajen neman dabarar sanyaya batir. Wasu iska suke hura masa da fanka, wasu kuma, kamar Tesla, bututu suke ratsawa tsakanin ƙwayoyin batirin, ruwa mai haɗi yana zagayawa yana kwashe zafin. Motar Nissan Leaf da ta fito a 2010 ba a yi mata irin wannan ba, an bar batirin ya huce da kansa. A 2012 masu motar a jihar Arizona ta Amurka, wadda zafinta ya yi kama da namu, suka yi ta ƙorafin batirin na raguwa da wuri, har kamfanin ya ƙara garanti a kan ƙarfinsa. In babban kamfani irin wannan ya yi tuntuɓe da zafi, ina ga batirin da ba a san masana’antarsa ba? Galibin baburan da ke shigo mana ba su da bututun ruwa ko fanka. Akwatin alminiyom ne da ’yar na’urar da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa, in ma an sa ta ke nan.

To ina matsayin takardar? Idan mutum ya kai ƙirƙirarsa ofishin rajista, jami’in bincike tambaya uku yake yi. Shin sabon abu ne da ba a taɓa bayyana shi a ko’ina a duniya ba? Shin akwai wata basira a ciki wadda ba kowane gwanin sana’ar zai yi tunaninta kai tsaye ba? Shin ana iya ƙera shi a masana’anta? Yana zaune a tebur, yana kwatanta rubutun mai nema da tsofaffin takardu. Ba ya ɗora batir a babur ya nufi Dori da rana tsaka. In ya gamsu, a ba mai ƙirƙira shekara 20 yana da ikon hana kowa ƙera abin ko shigo da shi ko sayar da shi ba da izininsa ba. Wato takardar mai kamfani take karewa daga masu kwaikwayo. Ba ta yi wa mai saye alkawarin komai ba.

Abin mamaki ma shi ne, shekara da shekaru ko wannan binciken na tebur ba a yi a yankinmu. Burkina Faso da Nijar da Mali da Togo da Benin da Cadi da Kamaru na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda aka kafa da yarjejeniyar Bangi ta 2 ga Maris 1977. Takarda ɗaya daga Yawunde na aiki a dukkan ƙasashen. Amma a da, in dai takardun mai nema sun cika kuma ya biya kuɗi, ana ba shi, ba tare da an tona ko abin sabo ne ba. An yi wa yarjejeniyar gyara a Bamako a Disambar 2015, sashen da ya shafi ƙirƙira kuma ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025. Daga nan OAPI ta ɗauki nauyin binciken asalin ƙirƙira, ana kuma buga buƙatar mai nema a fili, a bar wata uku ga duk mai ja ya shigar da hujjarsa. A ganina gyara ne mai kyau, domin takardar da aka bayar ido rufe makami ce a hannun mai ƙarfi: ya yi rajistar tsohuwar dabara, ya zo yana razana ƙananan ’yan kasuwa da kotu. Sai dai duba dabarar batir aiki ne na injiniyoyi, kuma takardun da aka riga aka bayar kafin 2025 suna nan da ƙarfinsu har sai kotu ta soke su ko wa’adinsu ya cika.

Nan ne maganar ta shafi mu mutanen kan iyaka. Takardar ƙirƙira ba ta tsallake iyakar da aka yi mata. Ficewar Burkina da Mali da Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ba ta fitar da su daga OAPI ba. Gana kuwa ba ta ciki, tana ƙungiyar ARIPO mai hedkwata a Harare. Nijeriya ba ta cikin ko ɗaya, da dokarta ta 1970 take aiki, wadda ita ma cikar takardu kawai take dubawa, har ta faɗi ƙarara cewa hukuma ba ta lamunce ingancin abin da ta bayar ba. Ke nan ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Bawku da Sinkase da Illela dokoki uku yake takawa. Batirin da babu mai iko da dabararsa a Bawku na iya zama mai takarda da zarar ya shigo Bitu, kuma mai takardar na iya neman izinin kotu a kama kayan a shago ko a sito. Wanda ya ƙera yana can Sin, wanda ke kusa da hannu shi ne mai rumfa.

Amma kada a tsorata fiye da kima. Yawancin dabarun da aka yi wa rajista a Sin da Japan da Koriya da Amurka ba a taɓa kawo su Yawunde ba, domin masu su ba su ɗauki kasuwarmu da muhimmanci ba a lokacin. Dokar duniya ta yanke musu wa’adi, wata 12 ta hanya ɗaya, wata 30 ta wata hanyar, in ya wuce shi ke nan. Duk dabarar da ba ta da takarda a nan, halal ce ga mai walda da bakanike su kwaikwaya, kuma zanenta na nan kyauta a intanet, a rumbun hukumar WIPO ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Kwaikwayon dabara daban, manna sunan kamfanin wani a jikin kayanka daban. Na biyun jabu ne, kuma shi ne ya fi jefa mutanenmu a hannun ’yan duwan.

Na sha ganin samari a garejin unguwa suna yi wa akwatin batir huda, suna ɗaura masa fankar kwamfuta, wani ma ya yi masa rufi biyu don rana. Wasu dabarun haɗari ne, domin ƙura da ruwan damina na shiga ta hudar. Wasu kuwa akwai basira. Ga irin waɗannan OAPI na da ƙaramar takarda ta shekara 10, ta gyaran kayan aiki, kuma ana shigar da buƙata ta ofishin mallakar masana’antu na ƙasa a nan Wagadugu, ba sai an je Kamaru ba. Sharaɗin shi ne a yi rajista kafin a tallata. Wanda ya ɗora bidiyon ƙirƙirarsa a Facebook, ko ya zo gidan rediyo irin namu ya zayyana ta dalla-dalla, ya kashe sabuntarta da bakinsa. Mu ’yan jarida ma da laifinmu, don mu ke matsa wa yaro ya faɗi sirrinsa saboda shiri ya yi armashi.

Mu koma ga Alhajinmu na Sinkase. Kayan Sin masu takarda kan zo da lamba mai farawa da haruffan ZL. Lambobi huɗu na farko shekarar nema ce, ta biyar ita ce abin dubawa. In 1 ce, cikakkiyar ƙirƙira ce da aka bincika. In 2 ce, ƙaramar takarda ce da ake bayarwa ba tare da zurfin bincike ba. In 3 ce, siffar waje kawai aka yi wa rajista, wato ƙirar murfi ko akwati, babu ruwanta da sanyaya komai. In babu lamba sam, rubutun ado ne. Ko da 1 ce, tambayoyin da za su tsare masa jari na wajen dillali ne: wane irin litiyom ne a ciki, domin nau’in LFP ya fi jure zafi, a maki nawa na’urar ke yanke caji, kuma garantin da aka rubuta zai kai shi ƙarshen watan Mayu, ko kuwa tun cikin hunturu zai ƙare?